Littafin gonar giladiyolas: shekarar farko da ruɓa

17 ga Maris, 2024

Yau kayan suka iso, muna azumi na bakwai. Kwali biyu ne, albasar furen giladiyolas guda 600, kala uku: fari, ja da ruwan hoda. Albasa muke ce mata a gona don babu sunan da ya fi kusa, amma wanda ya yanka ta zai ga ba haka take ba. Albasa ɓawo ce kan ɓawo har tsakiya. Wannan kuwa curi guda ce mai tauri, cikinta kamar gwaza, sai 'yar busasshiyar riga da ta lulluɓe ta. Ƙasanta akwai gindi inda saiwa take fita, samanta kuma idon da zai tsiro.

Kawu ya yanko mini kunya goma sha biyu a gefen gonarsa ta kabeji da karas, can bayan Lamingo, kusa da tsohon kududdufin kuza da muke ban ruwa da shi da rani. Wata Hajiya mai ƙawata wuraren biki a Abuja ta ce in dai zan kawo mata fure mai dogon kara wanda bai gama buɗewa ba, za ta riƙa ɗauka duk mako. Jarinmu a nan sanyi ne. Jos na kan tudun da ya kai mita 1,200, abin da zafin Abuja ke wahalarwa mu yana yi mana kyau.

Kawu ya ɗauki guda ya juya ta a tafin hannu, ya ce, "Ai wannan rumana ce, ɗana. Muna yara muna ganin ta a gindin duwatsun Shere idan damina ta zauna." Gaskiyarsa, dangi ɗaya ne. Yawancin wannan fure asalinsa Afirka ne, musamman Afirka ta Kudu. Turawa ne suka kwasa suka yi ta barbara tsakanin iri da iri har suka fito da waɗannan manyan. Sunan ma daga kalmar takobi ya fito a harshen Latin, saboda siffar ganyen.

20 ga Maris

Bayan la'asar ni da ƙanwata muka baje a tsakar gida muna zare musu riga ɗaya bayan ɗaya. Ban shirya wannan aikin ba. Guda ɗaya ce na ji ta sakayau a hannu kamar busasshen lemon tsami, na ɓare, sai ga ta ta ƙanƙance ta yi baƙi ƙirin, farce ba ya shiga. Nan take na ce a buɗe duka.

Daga waje kowace lafiya lau, riga har sheƙi take. Da muka gama, kashi uku muka samu. Guda 41 sun riga sun tafi. Wasu sun zama gawayi. Wasu da na raba su biyu da wuƙa na tarar ruɓa mai ruwan ƙasa ta taso daga gindi ta bi tsakiya ta haura, ga 'yan jijiyoyi masu duhu sun ratsa farin naman sun nufi gefe. Guda 88 suna da tabo a jiki, daga mai girman ƙwayar dawa zuwa mai faɗin farce, wurin ya loɓa ciki, wasu da zobe a kan zobe. Sauran 471 fes suke.

Na kira wanda ya sayar mini. Ya ce shi ma a rufe aka kawo masa, kuma na yarda bai buɗe ba. Na ƙone 41 ɗin. Masu tabon ne zuciyata ta kasa rabuwa da su, don kuɗin wata da watanni na zuba. Na kankare tabon da wuƙa, na barbaɗa toka, na ce zan ware musu kunya biyu su kaɗai.

6 ga Afrilu

Waɗanda na kankare na mayar da su kwali na rufe, jiran ruwan sama. Yau na buɗe, wani wari ya bugo ni kamar na ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Fumfuna mai launi tsakanin shuɗi da kore, irin wanda ke fita a jikin tsohon lemo, ya rufe bakin raunukan da na yi da hannuna. Guda 19 sun ƙara tafiya, saura 69. Na shanya su a kan faifai a inuwa, inda iska ke wucewa.

22 ga Afrilu

An yi ruwa biyu masu ƙarfi, ƙasa ta jiƙa. Mun shuka. Kafin nan na jiƙa su rabin awa a ruwan kabendazim, maganin kashe naman gwari, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin leda, da safar hannu. Zurfi santimita 12, tazara 15. Masu lafiya sun ci kunya goma, masu tabo kunya biyu na can sama wajen dutse.

19 ga Mayu

Cikin 471 guda 452 sun fito, tsaye kamar wuƙaƙe. Cikin 69 kuwa 40 kawai. Na tona gurbin biyu da ba su fito ba, na tarar sun narke. Don in ƙarfafa sauran na zuba yuriya kamar yadda muke yi wa masara, na ƙara da kashin kaji da aka kwaso makon jiya.

9 ga Yuni

Abin ya fara daga kunyoyin sama. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya daga baki, rawayar ta gangaro, sannan na gaba ya kama. Wasu sun tsaya ba sa girma. Akwai waɗanda ganyensu ya lanƙwashe gefe ɗaya kamar ƙahon saniya, ban taɓa ganin irinsa a wata shuka ba. Na ja guda, ta taho ba gardama, saiwar duk ta ruɓe ta yi ruwan ƙasa, albasar da na shuka ta yi baƙi tun daga gindi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yau na ƙirga guda 14 masu rawaya a kunya ta tara da ta goma, waɗanda na shuka masu lafiya. Na tsaya ana yayyafi ina kallon yadda ruwa ke bi. Daga sama yake gangarowa, ya wanke gindin masu tabo, ya zubo kwarin kunyoyin ƙasa. Na ware su, amma a saman gangare na ware su.

25 ga Yuni

Kafin Babbar Sallah na kai guda shida a takarda wurin wata malama mai nazarin cututtukan shuka a Jami'ar Jos. Yau na koma. Ta fito da 'yan faifan gilashi masu murfi. Ta ce ta yanki ɗan ƙanƙanin nama daga iyakar da ruɓa ta haɗu da lafiya, ta ɗora a kan wani abinci da ake dafawa da ruwan dankali da sukari. Abin da ya tsiro a kai fari ne kamar auduga, in ka juya faifan ta ƙasa kuma launin ya koma ruwan hoda zuwa shunayya. Ta sa ni na leƙa madubin ƙara girma. Ƙwayoyin irinsa na gani birjik, wasu ƙanana, wasu dogaye a lanƙwashe kamar jinjirin wata.

"Malam, wannan Fusariyum ne," in ji ta. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ni kuma ina rubutawa a bayan takardar da na naɗo albasar.

Naman gwari ne da ke zaune a ƙasa da kuma cikin albasar kanta. Yana shiga ta saiwa ko ta rauni, ya bi hanyoyin da ruwa ke hawa cikin shuka ya toshe su, shi ya sa ganye ke rawaya alhali ƙasa a jiƙe take. Yana da dangi da yawa, kowane da abin da yake ci: akwai na tumatir, akwai na ayaba, akwai na albasar miya. Wannan na giladiyolas ne da 'yan'uwanta na furanni, ba ruwansa da kabejin Kawu. Na ji daɗin wannan, don tun da abin ya fara nake jin nauyin Kawu.

Abu biyu ta faɗa da suka zauna mini. Na farko, albasa tana iya ɗauke da cutar a ciki ba tabo ko ɗaya, sai ta shiga ƙasa mai ɗumi abin ya tashi. Ke nan ko cikin 471 ɗin nan akwai masu ita, kuma maganin da na jiƙa su a ciki iyakarsa abin da ya tarar a kusa da fata. Na biyu, yana yin wasu ƙwayoyi masu kaurin ɓawo da ke kwana a ƙasa shekara da shekaru ba tare da sun ga giladiyolas ba. Da na ambaci yuriya da ɗanyen kashin kaji sai ta girgiza kai. Yawan takin da ke sa ganye yana sa naman shukar ya yi laushi, cutar ta samu hanya. Haka ma ƙasa mai tsami tana taimakonta.

Na tambaye ta wane feshi zan yi wa waɗanda suka kamu. Ta ce, "Wadda ta yi rawaya ta gama. Ka cire ta da ƙasar gindinta, ka ƙone."

27 ga Yuni

Mun tuge kunyoyin sama gaba ɗaya, har masu kore. Yaron da ke taya ni ya ce, "Yaya, waɗannan fa lafiyarsu ƙalau." Na ce masa wake ɗaya ke ɓata gari, balle an yi mudu. Mun haƙa rara a saman gonar ta karkatar da ruwa gefe, mun ƙara wa kunyoyi tsawo.

18 ga Yuli

Yankan farko, kwana 87 da shuka. Da asuba na yanka kara 36, duk farare, lokacin da fure ɗaya ko biyu na ƙasa suka fara nuna launi. Ina barin ganye huɗu a kowace don su ciyar da sabuwar albasa. Wuƙar ina tsoma ta a ruwan bilic daga shuka zuwa shuka. A tsaye na jera su cikin bokiti zuwa tasha, domin in an kwantar da su bakin karan yana miƙewa sama ya karkace. Da yamma Hajiya ta turo hoto, ta ce Allah ya yi albarka.

12 ga Agusta

Marka ta sauka. Kwana biyar ke nan ba mu ga rana sosai ba, da safe hazo har ƙasa, ganye ba ya bushewa. Wata cutar ta daban ta bayyana, ba irin ta Yuni ba. Ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa da jan baki a ganye, a jikin furen kuma tabo kamar an ɗiga ruwa a farin yadi. Furen da ya tsufa a kan kara ya yi gashi ruwan toka, in ka taɓa sai ƙura ta tashi. Na tura hoto, Malama ta ce Botiritis ne, wani naman gwarin daban. Shi sanyi da laima yake so, saɓanin Fusariyum mai son ɗumi. Manoman dankali na Bokkos da Mangu sun san wannan yanayin, shi ne lokacin da ganyensu ke ƙonewa, duk da cewa tasu cutar daban ce.

Wannan kam, feshi yana rage shi. Na fara mankozeb duk mako idan an samu sarari, kuma kullum ina bi ina tsinke duk furen da ya yi yaushi in fitar da shi daga gona, don a kansu yake yin iri. Fargabata ita ce ya bi wuya ya gangara cikin albasa. Kara 50 na wannan makon ban tura ba, ba zan ɓata sunana da fure mai tabo ba.

3 ga Satumba

An gama yanka tun tsakiyar Agusta. Jimla kara 268 suka tafi Abuja. Kuɗin bai mayar da jari ba.

Kawu ya same ni ina zaune a kan kunya. Ya ce, "Ɗana, kabeji ba ya yi wa mutum haka. Ka bar furen nan." Na ce, "Kawu, ka ba ni shekara ɗaya. Ba ƙasar ce ta ƙi shi ba, da cutarsa ya zo." Ya yi shiru, can ya ce akwai fili a ƙetaren hanya da ba a taɓa sa komai ba sai acca.

5 ga Oktoba

Mako bakwai da furen ƙarshe, an kwana uku ba ruwa, mun haƙe. Da cebur mai yatsu muka yi, daga nesa da gindi, don duk wadda aka sara ta zama ƙofa. Abin sha'awa ne a gani: tsohuwar da na shuka ta shanye ta koma kamar busasshen ɓaure, sabuwa ta hau kanta ta zauna, ga 'ya'ya ƙanana kamar gujiya sun kewaye tsakaninsu. Na yanke kara dab da kai nan take, ban bar ganye ya kwana a jiki ba. Guda 334 muka ɗauka.

Shanya ita ce aikin yanzu. Ana so su samu ɗumi kamar digiri 27 zuwa 30 da iska, mako biyu zuwa uku, har raunuka su rufe. Ɗakin ajiyarmu mai kwano ba silin yana kaiwa haka da rana. Na buga katako da ragar waya hawa uku, na baje su ba mai hawa kan wata, taga a buɗe.

24 ga Oktoba

Sun bushe. Alamar ita ce tsohuwar tana ɓallewa da ɗan yatsa, ta bar gurbi mai tsabta. Wadda gurbinta ya yi duhu ko ya yi danshi, wuta.

A wannan zaman na ga fuskokin cuta biyu da ban sani ba. Ɗaya tabo ne zagayayye, ya loɓa kamar ɗan akushi, bakinsa ya ɗago, cikinsa yana ƙyalli kamar an shafa ƙaro ya bushe. In ka sa farce yana ɓantarowa ya bar rami mai tsabta. Wannan ƙazuwa ce, bakteriya ke kawo ta, kuma ƙwarin ƙasa da ke huda albasa su ke buɗe mata hanya. Ba ta shiga ciki sosai, amma a gona tana ruɓar da wuya. Ɗayar kuma ƙananan tabo ne baƙaƙe a jere bisa layin da ganye ya bar zane a jikin albasar, a busasshen kuben ganyen kuma ɗige-ɗige kamar an barbaɗa garin masoro. Na kai wa Malama, ta ce busasshiyar ruɓa ce ta Sitiromatiniya, kuma waɗannan baƙaƙen ɗigon su ne ke zama a ƙasa, suna iya kai shekara goma suna jira. Guda bakwai kawai na samu, duk daga kwarin da ruwa ke kwanciya.

Wannan karon ban kankare ko ɗaya ba. Ƙanwata tana miƙo mini tana cewa, "Yaya, wannan ɗan ƙaramin tabo ne fa." Ni kuwa ina tuna kunyoyin sama. Guda 212 suka tsira. 'Ya'yan kuma, daga gindin masu lafiya kaɗai, sun cika mudu biyu.

15 ga Disamba

Ajiyar da ta dace sanyi ne kamar digiri 5, ba ni da wurin. Hunturun Jos ne ke taimako. Na zuba su a buhun albasa mai raga, kaɗan-kaɗan, na rataye a ɗakin da rana ba ta bugu. Kowace Lahadi ina saukewa in danna gindin kowace da babban yatsa. Yau guda tara sun loɓa kamar soso. Na yanka, tsakiyar ta yi laushi ta yi ruwan ƙasa, wata har farin gashi da baƙaƙen ƙulli a ƙarƙashin riga. Aikin markar Agusta ne ya biyo su har ɗaki.

11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi wa 'ya'yan wankan ruwan zafi. A kan wannan na fi dogara, domin shi ne hanyar samun iri nawa na kaina mai tsabta. 'Ya'yan suna da ɓawo mai tauri, kuma idan suna cikin barcinsu sosai, wata biyu zuwa huɗu bayan haƙa, suna jure zafin da ke kashe yawancin naman gwarin da ke jikinsu. Manyan ba sa jurewa, ba a yi musu.

Kwana biyu suna jiƙe a ruwan sanyi. Duk wanda ya taso sama na kwashe na zubar. Na ɗora babbar tukunyar biki a murhu, na rataya ma'aunin zafi a tsakiyar ruwa ba ya taɓa ƙarfe. Digiri 57 ake so, minti 30. Tazarar ƙarama ce ƙwarai: in ya sauka da yawa cutar ta tsira, in ya haura an dafa iri. Na janye itace, na bar garwashi. Ƙanwata na riƙe da agogo da butar tafasasshen ruwa, ni ina juyawa da muciya, idona a kan ma'auni. Da muka tsoma buhun sai ya faɗo 54, muka tsiyaya ruwan zafi a gefe har ya koma. Sau ɗaya ya taɓa 58, na zuba kofin ruwan sanyi. Iskar hunturu na kaɗawa, ni kuwa gumi nake. Minti 30 na cika muka cire, sai cikin baho na ruwan sanyi, sannan shanya a inuwa a kan sabuwar tabarma.

Rabin mudu na bari ban yi masa wankan ba, don in ga bambanci da idona. In sun bushe duka za su shiga ƙasan firjin da ƙanwata ke sanyaya zoɓo, a takarda, kowane da alamarsa. Sanyin ne ke karya musu barci.

16 ga Fabrairu

Tsoffin kunyoyi mun baje su, mun jiƙa sosai, mun rufe da farar leda mai nuna ciki, mun danne bakinta da ƙasa. Mako shida za ta yi rana na dafa saman ƙasar. Wannan rage cutar kawai yake yi, don haka Kawu zai sa masara a wurin, giladiyolas ba za ta koma ba sai bayan shekara huɗu a ƙalla.

Sabon filin na ƙetaren hanya jigawa ne, ruwa ba ya kwanciya. Na zuba takin shanu da ya shekara ya ruɓe. Fartanya da cebur da takalmin roba duk na wanke su da ruwan bilic kafin su ƙetara.

4 ga Mayu

Mun shuka ranar 19 ga Afrilu. Cikin manyan, 187 suka kai ƙarshen ajiya. Na sake zare wa kowace riga a daren shuka, na fitar da 11. Yau 171 cikin 176 sun fito, kore shar, ba mai ƙahon saniya tukuna, amma bara ma sai Yuni abin ya nuna kansa.

'Ya'yan sun fara leƙowa, siraran ganye kamar ciyawa. Waɗanda ba a yi wa wanka ba suna can kunya ta ƙarshe a ƙasan gangare, da rara tsakaninsu da sauran, kuma sun riga fitowa da kwana huɗu. Bana ba za su yi fure ba, girma kawai za su yi, wasu sai sun ƙara shekara. Na kafa turaku da lamba a kan kowace kunya. Kawu ya zo da safe ya tsuguna ya daɗe yana duban su, ya ce a yi ciran ciyawa da hannu, kada fartanya ta shiga. Ranar Laraba zan fara, kuma ƙirgar masu rawaya za ta fara 1 ga Yuni.